Farin rubutun jikin taya da yake komawa ruwan ɗorawa: daga ina yake fitowa, kuma ya ake dawo da shi

Akwai wata tsohuwar Land Cruiser da Baffana yake ji da ita kamar tsoka ɗaya a miya, irin mai ƙirar akwati ɗinnan ta shekarun 1980, baya hawanta sai ranar Juma'a ko in za a je ɗaurin aure ƙauye, sauran kwanaki tana ƙarƙashin rumfar kwano an lulluɓe ta da tamfol. Shekara uku da suka wuce ya sa aka kawo mai tayoyi huɗu sababbi fil masu farin rubutu a gefe, irin wanda haruffan suke tasowa ɗinnan in ka shafa kana jin tudunsu, kuma gaskiya ranar da aka ɗaura su motar ta fito, har masu wucewa suna waiwaye. To ba a rufa shekara biyu ba rubutun ya fara sauya kala, da farko kamar haƙorin mai cin goro, daga baya ya zama ruwan ɗorawa sosai, wasu haruffan ma sun doshi makuba. Sai ya aika a kira ni, wai tunda ni ne kullum kaina yana kan waya ina bincike, in zo in ga ɓarnar da yaran wankin mota suka yi masa.

"Kai dubi nan don Allah. Wannan wanki ne? Duk sati sai na biya su, ga abin da suka mayar min da taya."

Na ce Baffa a yi haƙuri, yaran suna da nasu laifin amma ba duka ne nasu ba, rabin abin daga cikin tayar kanta yake fitowa. Ya kalle ni kamar na ce masa rana ta fito daga yamma. Kuma na san mutane da yawa haka za su kalle ni, saboda kowa ya ɗauka datti ne kawai, a samo bilic a zuba a goge shikenan. Shi ya sa nake so in ɗan warware zancen, don wanda bai gane daga ina kalar take zuwa ba zai yi ta dirza har ya cinye farin gaba ɗaya kuma bayan wata biyu abin ya dawo.

Farko dai ita roba ta asali, wadda ake tatsa daga jikin bishiya, ba baƙa ba ce, fara ce kamar madara. Tayoyin motocin farko ma farare ne ko kuma toka-toka, saboda da farar hodar zinc ake haɗa su. In ka lura da mutumin nan na tambarin Michelin wanda aka jera jikinsa da tayoyi, ai fari ne, tun 1898 yake, lokacin taya bata yi baƙi ba. Wajen 1910 ne masu yin taya suka fara zuba baƙar hodar kabon, wato irin kunkunniyar da ake samu in an ƙona mai ba tare da isasshiyar iska ba, suka ga robar tana ƙara ƙarfi da daɗewa nesa ba kusa ba, daga nan taya ta koma baƙa har yau. Farin sai ya zama kwalliya. A Amurka aka fi yayin abin, Ford ya fara ba masu saye zaɓin taya mai farin gefe a 1934, a shekarun 1950 farin ya yi faɗi kamar faranti, farkon shekarun 1960 ya tsuke ya koma siririn zobe, sannan ƙarshen shekarun 1960 da aka shiga yayin motoci masu ƙaton inji irinsu Mustang da Camaro da Charger sai samari suka ce su zoben nan na dattawa ne, su irin tayar motar tsere suke so mai sunan kamfani ɓaro-ɓaro a jiki. Nan su Goodyear Polyglas da Firestone Wide Oval da BFGoodrich Radial T/A suka yi suna. Har gobe akwai kamfanin Coker Tire a garin Chattanooga na jihar Tennessee da yake buga tayoyi masu tsohuwar ƙira don masu tara irin motocin nan, kuma su can rubutun taya ya yi rawaya a wurin baje kolin tsofaffin motoci abin kunya ne kamar mutum ya je ɗaurin aure da babbar riga mai jirwaye. Mu nan yawanci a jikin tayar jif muke haɗuwa da shi, su Hilux da Land Cruiser da Pajero, amma ƙirar ɗaya ce kuma ciwon ɗaya ne.

Abin da da yawa ba su sani ba, rubutun nan ba fenti ba ne. A lokacin haɗa tayar ana shimfiɗa wani falle na farar roba a gefe ɗaya, sai a rufe shi da siririyar baƙar roba kamar fata, a saka a cikin mazubi a gasa, haruffan su taso, sannan inji ya kankare baƙar fatar da take saman haruffan kawai sai farin ya bayyana. Shi ya sa in ka goga tayar a jikin simintin kwalbati zaka ga wani farin tabo ya fito a inda babu rubutu ma, ai farin yana kwance a ƙarƙashi ne. Wannan yana da daɗi ta wani ɓangaren, tunda in saman ya ɓaci akwai sabon fari a ƙasansa. Amma fallen nan ba shi da wani kauri, kuma a ƙasansa baƙi ne ya sake dawowa. Ka riƙe wannan, zamu dawo kansa.

Yanzu ga asalin maganar. Babban maƙiyin roba shi ne wata iska da ake kira ozon, wadda take cikin iskar da muke shaƙa ɗan kaɗan, tana ƙaruwa a inda hayaƙin motoci ya haɗu da zafin rana, da kuma kusa da injinan lantarki masu tartsatsi da wurin walda. Ita ce take sa roba ta yi ta tsattsagewa ƙanana-ƙanana kamar faso a diddige. To don kar taya ta mutu da wuri, masu yinta suna cuɗa wasu sinadarai a cikin baƙar robar, wanda ya fi shahara sunansa 6PPD, tare da wani maiƙo irin na kyandir. An yi su ne da gangan su riƙa tsattsafowa daga ciki zuwa waje a hankali, su tsaya a saman fata, in ozon ta zo sai ta ci su maimakon ta ci robar. To shi 6PPD in ya gama wannan faɗan sai ya koma ruwan ƙasa. Shi ne in ka ga baƙar taya ta yi wani ja-ja kamar ta sha ƙura alhali yanzu aka wanke ta, ba ƙura ba ce, garkuwar tayar ce da ta gama aiki. A kan baƙi baya wani damun ido. A kan fari kuwa kamar zufa ce a wuyan farar shadda, daga jikin mai rigar take fitowa ba wani ne ya watsa masa ba.

Su kamfanonin sun san da haka, shi ya sa farar robar ba a saka mata irin wannan sinadarin, da wasu nau'in roba masu jure ozon da kansu ake haɗa ta, da farar hodar titaniyam mai ba ta haske. Amma tana zaune ne a tsakiyar baƙi, sama baƙi ƙasa baƙi gefe baƙi, kuma duk ruwan sama ko ruwan wanki da ya gangaro daga baƙin gefe sai ya bi ta kan haruffan da ɗan abin da ya kwaso, ga zafi yana ƙara wa sinadarin saurin tafiya, mu kuwa zafi ba sai an yi mana bayani ba, kwalta a watan Afrilu kowa ya san yadda take. Hujja mafi sauƙi ita ce shuɗin nan da ake shafa wa rubutun sabuwar taya. Wasu suna ɗauka ado ne ko shaidar cewa sabuwa ce, a'a, kariya ce don in an jibga tayoyi kan juna a sito kar baƙin wata ya taɓa farin wata ya rina shi. Ruwa da sabulu da buroshi suke fitar da shi, ba sai an sa fetur ba kamar yadda na ga wani mai faci yana yi.

Af, shi wannan 6PPD ɗin ma yana da wani labari. A 2020 masu bincike a Jami'ar Washington suka gano cewa abin da yake rikiɗa ya zama bayan ya haɗu da ozon shi ne yake kashe wani nau'in kifin salmon da ake kira coho a rafukan yankin Seattle, duk sanda ruwan sama ya wanke titi ya gangara. Ni dai tun da na san haka bana wanke taya a inda ruwan zai bi ya shiga rijiya ko kududdufin kiwon kifi.

Wannan na ciki kenan. Na waje kuma shi ne inda yaran Baffa suka shigo. Akwai ƙurar birki, wadda garin ƙarfe ce da take tsatsa in ta jiƙe, akwai jar ƙasar hanyar ƙauye wadda ita ma jan nata tsatsar ƙarfe ce, duk wanda ya taɓa wanke farar riga bayan ya bi irin hanyar a babur ya san bata fita da sauƙi, sannan ga ƙurar hunturu. Duk waɗannan da su kaɗai ne da sauƙi. Abin da yake manna su shi ne man da ake shafa wa taya don ta yi ƙyalli. Na bi Baffa wurin wankin ranar wata Asabar na tsaya ina kallo, yaron ya gama wanki tsaf, ya ɗauko wata gorar ruwa da aka huda murfinta, ya tsiyaya wani abu a tsumma ya bi tayar da shi zagaye ɗaya, baƙi da fari duka. Na ce ƙanina mene ne wannan a gorar? Ya ce "Man birki ne yallaɓai, da ɗan abin da muke ƙarawa, shi yake sa ta sheƙi, masu mota suna so." Kuma tsumman nan wallahi ya fi tayar baƙi, da shi ya goge tayoyin motoci sun fi ashirin a ranar. To kaga mai ya narkar da ruwan ƙasan da yake saman baƙar robar, tsumma ya kwaso ya shafe shi a kan farin, rana ta gasa, ƙura ta zo ta zauna, sati mai zuwa a sake wani a kai. Ban ga laifinsa sosai ba, haka ya tarar ana yi, kuma a kan baƙar taya zalla ba mai lura.

Saboda haka kafin ka fara dirza sai ka gane da wanne kake faɗa, kuma kumfa ce zata gaya maka. Ka ajiye motar a inuwa ka bari tayar ta huce, kar ka wanke ta kana dawowa daga tafiya don sabulun zai bushe a kai ya bar wani tabon. Ka jiƙa taya da wili duka, ka kaɗa sabulun wanke-wanke na ruwa ko Omo a bokiti, ka samu buroshi mai tauri irin na wanke kafet ko na wanki, ka dirje gefen tayar gaba ɗaya, ba haruffan kawai ba. Wannan wurin ne mutane suke kuskure, sai su tsaya kan farin suna ta fama su bar baƙin da yake zagaye da shi, alhali shi ne rijiyar da kalar take ɓuɓɓugowa. Zaka ga kumfar ta fito kalar shayi mai madara. Ka ɗauraye ka sake. A tayar Baffa sai da muka yi zagaye huɗu kafin kumfa ta fito fara, kuma a nan kaɗai, ba a sa komai ba bayan sabulu, rubutun ya yi rabin dawowa. Sannan ka ware wani ƙaramin buroshi daban, ko tsohon buroshin haƙori, wanda bazai taɓa baƙin ba sai farin kawai.

In ta bushe sai ka duba, don jiƙaƙƙiyar taya tana yaudara. In har yanzu da rawaya to kalar ta ɗan shiga fatar robar, sabulu ya gama nasa, sai a koma abin da yake ɗan kankara. A Amurka akwai ruwan da suka daɗe suna amfani da shi mai suna Bleche-Wite, duk da sunan ba bilic ɗin wanki ba ne, abu ne mai kaifi ɗan gidan su soda, ana fesawa a bari kamar minti ɗaya a dirje a ɗauraye, kuma yana ɓata wilin alminiyam in ya zauna a kai, shi ya sa ake jiƙa wilin tukunna kuma ba a bari ya bushe. Da yawansu kuma soson ƙarfe mai laushi mai sabulu a ciki suke sa wa. Mu nan ba sai ka nemi waɗannan ba. Hodar wanke bandaki da tukwane irin Vim tana yi, bekin soda da aka dama da ɗan ruwa ya yi kauri kamar man goge baki yana yi, har toka mai laushi da aka tankaɗe, irin wadda iyayenmu suke wanke tukunya da ita, tana yi, tunda ita ma kaifi ne da ɗan gari mai kankara. Akwai kuma farin soson nan mara nauyi da ake sayarwa a manyan kantuna na goge tabon bango, shi in ka jiƙa shi kamar samfefa ce mai laushin gaske, yana aiki sosai a kan haruffa sai dai yana narkewa da wuri, taya ɗaya zata iya cinye guda. Wanda ban yarda da shi ba shi ne soson ƙarfen nan mai kaushi na kankare ƙanzo, yana yaga saman robar ya bar ta da kaushi, kuma ɓurɓushinsa yana maƙalewa ya yi tsatsa, ka gudu daga rawaya ka faɗa ja.

Bilic kuwa, na san shi ne abin da zuciya take fara rayawa, tunda shi muke sa wa fararen kaya. Kuma zai burge ka a ranar farko, ba ƙarya. Matsalar ita ce yadda ozon take cin roba haka shi ma yake cinta, yana busar da fatar, yana cinye garkuwar da take saman baƙin, ga shi yana ɓata wili da su noti, in aka maimaita sau da yawa farin sai ya zama kamar alli yana gari, kuma robar da ta yi gari tafi saurin shan datti. In kuma mutum ya yi gangancin haɗa shi da ruwan wanke masai mai asid to wannan ba maganar taya ake ba kuma, iska mai guba zai tayar a fuskarsa. Su fetur da kalanzir da tina kuma nasu salon daban ne, suna shiga cikin robar su kumbura ta, su zuƙo man da yake sa ta laushi, sannan suna narkar da baƙin su jawo shi kan farin, sai kaga harafi ya yi dusu-dusu kamar an goge allo da hannu. In kwalta ce ta ɗiga a kan harafi ɗaya, ɗan ɗigon kalanzir a bakin tsumma a wurin kawai sannan a bi da sabulu nan take, wannan ba komai. Amma a wanke taya da shi, sam.

Sai mataki na ƙarshe, samfefa, kuma a nan nake so a tuna maganar kaurin fallen nan. Biyu daga cikin tayoyin Baffa, na ɓangaren da rana take bugawa ta gefen rumfar da yamma, sun ƙi jin hoda. Na samo samfefa mai lamba 400 irin ta masu fentin mota wadda ake jiƙawa, na naɗe ta a jikin ɗan guntun katako mai faɗin yatsa biyu, don in ka riƙe da yatsa kawai zata lanƙwasa ta ci gefen harafin da baƙin da yake kusa. Na fara gwadawa a ƙafar harafi ɗaya ta ƙasa inda ido baya kaiwa, shafa biyar shida da ruwa, sai ga wani ruwa kalar koko yana gangarowa, na ɗauraye, fari tas ya fito kamar an fasa kwakwa. Baffa da yake zaune a kujera yana jan carbi sai da ya miƙe. "Ikon Allah. Ashe yana nan a ciki." Daga nan na bi sauran a hankali, kowane harafi da na ga fari ya fito sai in tsaya, bana ƙara ko shafa ɗaya don neman ya fi haka, sannan na bi da lamba 600 don saman ya yi santsi, saboda in ka bar shi da kaushi ƙura zata samu wurin zama. Ya ɗauke ni kusan awa biyu, gwiwa ta gaya min. Wani zai ce me zai hana a sa injin gurza na masu walda a gama a minti biyar, to inji baya jin lokacin da fari ya ƙare, kafin ka ɗaga hannu ka huda zuwa baƙin ƙasa, kuma wannan ba shi da gyara. Ita samfefa ma ba abin kowane wata ba ce, duk sanda ka sa ta ka rage wani abu da bazai dawo ba, sau ɗaya a shekara ma ni ina ganin ya yi yawa.

In kuwa ka gwada a lungu ka ga ƙasan ma rawaya ne, to kalar ta ratsa fallen duka, ka ajiye samfefar kar ka wahalar da kanka. A nan ne wasu suke komawa fenti. Akwai alƙalamin fentin taya da ake yi musamman, yana ɗan jure lanƙwasa, amma sai an yi ta sabuntawa, kuma sinadarin nan na ciki yana ratso shi ya rina shi shi ma. Fentin mai na bango ko Tipp-Ex kuwa kar ma a fara, gefen taya yana lotsawa yana miƙewa duk juyi ɗaya, kafin ka je Zariya daga Kano ya farfashe. Ni a ganina in abin ya kai nan gara ka je wurin mai faci ya juya tayar farin ya koma ciki, tunda yawancinsu ɗaya gefen baƙin rubutu ne, in dai ba irin tayar da aka yi wa kibiya mai nuna ɓangaren da zata riƙa juyawa ko aka rubuta gefen waje ba ce. Baƙi mai tsafta ya fi fari mai dauɗa kyan gani.

Kuma ko ka yi komai daidai zai dawo, wannan sai an haƙura, tunda tayar bata daina tsattsafo da abin ba kuma ba ma so ta daina. Abin da zaka iya shi ne ka rage masa sauri. Sabulu da buroshi duk sati biyu ya fi samfefa duk shekara. In kana son ƙyalli ka nemi man taya mai ruwa-ruwa fari kamar madara, wanda ba mai maiƙon fetur ba, a shafa da soso a kan baƙin kawai a kewaye haruffan. Mun saya wa yaron wankin nasa tsumma da buroshi daban muka ce na motar Baffa ne kaɗai, kuma gorar nan kar ta kusance ta. Sannan motar da take zaune tafi wadda ake hawa saurin lalacewar gefen taya, saboda juyawa da lotsawar ne suke taimaka wa garkuwar ta riƙa fitowa sabuwa, don haka ko zagayen unguwa ne a riƙa yi da ita. Wani abin da na lura a gidan Baffa, janareta da injin jan ruwa duk a ƙarƙashin rumfar suke, taku biyu daga tayar baya, kuma masu yin taya da kansu suna gargaɗin kar a ajiye taya kusa da irin waɗannan injinan saboda ozon. Mun matsar da su. In kuma cire tayoyin zaka yi ka jibge, fari ya kalli fari, baƙi ya kalli baƙi, a ɗaki mai sanyi da duhu.

Da muka gama huɗun sai Baffa ya ce tunda hannuna ya faɗa, in haɗa da safayar da take rataye, ita ma mai farin rubutu ce, tun da ya sayi motar take, bai taɓa sa ta a ƙasa ba, zanenta ko ɗaya bai goge ba. Aka sauko da ita. Rubutun ya yi kalar zuma, amma ba shi na fara dubawa ba, na nemi layin rubutun jikin tayar da ya fara da haruffan DOT, wanda ƙarshensa yake nuna lokacin da aka yi ta, na bi shi har ƙarshe. Daga shekarar 2000 zuwa yau lambobi huɗu ne a ƙarshen layin, biyun farko mako biyun ƙarshe shekara, misali 2319 yana nufin mako na 23 a 2019. In ka ga uku ne kacal to kafin 2000 aka yi ta. Ta Baffa uku ne. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC shekara huɗu daga lokacin da aka yi taya take faɗa wa direbobi su daina amfani da ita, Michelin kuma cewa suke daga shekara biyar a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, in ta cika goma a cire ko da zanenta yana nan, to wannan ta ninka goman har da ɗori. Na danna gefenta da babban yatsa, ta yi tauri kamar busasshiyar fata, kuma da na matsa sai ga faso ƙanana sun buɗe a gindin kowane harafi.

Na ce Baffa wannan zan iya mayar da ita fara tas kafin la'asar, amma ranar da taya ta fashe muku a hanyar ƙauye aka ɗaura ta, ban san ko zata kai ku gida ba. Ya yi shiru yana kallonta, ya shafa zanen da hannu, ya ce "Ko sau ɗaya fa bata taka ƙasa ba." Na ce na sani Baffa. Ya ce to a bar ta a nan tukunna zai yi tunani, ni kuma in je in wanke hannu an kawo abinci. Har yanzu tana jingine a bayan rumfar, jikokinsa suna hawa kai suna tsalle.